Farin Yadin Hajiya

Farkon ganin da na yi wa rigar nan a falon Maman Ladi ne, wata Asabar bayan azahar, an kawo wuta mun taru mu takwas a gaban talabijin. Mijinta ne ya zo mata da kaset daga Kano, na bikin karrama 'yan fim da aka yi a shekarar. An shimfiɗa jan kafet tun daga bakin titi har ƙofar ɗakin taron, fitilu ko'ina kamar da rana, motoci na tsayawa jarumai na fitowa. Mata suka yi ta wucewa cikin leshi da shadda, wata ta kafa ɗauri kamar zai taɓo rufi, muna shewa, muna kushe wannan muna yaba waccan. Sai wata siririya ta fito daga mota cikin farar riga, fara sol, babu aiki babu duwatsu, doguwa har tana jan ƙasa, da faffaɗan mayafi da aka ɗinke a kafaɗa yana bin ta a baya. Ba ta cikin manyan jarumai, ba ta kuma ci komai a daren ba. Amma da ta tsaya ta ɗan waiwayo, sai na ji numfashina ya ɗauke. Sau biyar ina sa a mayar da kaset ɗin baya, har Maman Ladi ta ce zan tsinka mata shi.

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa wata maƙwabciyarmu Kirista ta taɓa shiga ɗakina ta ɗauki kayan kakarku ta yanka. Kai Auwal har ka taɓa maimaita zancen a gabana ran wani suna, na sunkuyar da kai ban gyara maka ba. Ba haka aka yi ba. Shi ya sa nake rubuta wannan tun ina iya riƙe biro.

A lokacin muna haya a Gumel, katanga ɗaya ce tsakaninmu da su Maman Ladi. Su mutanen kudancin Kaduna ne, mijinta malamin gona, ita kuma tela ce ta gaske, in ta riƙe almakashi ba ta sa alli. Ni ma ina da keke, amma ƙananan ɗinki nake yi, abin da na fi iyawa shi ne karatun littattafan soyayya. Nakan karɓo haya in ɓoye ƙarƙashin filo, in miya na kan wuta ni ina can wata duniya inda maza ke rubuta wasiƙa da jan biro, mata kuma ke saukowa daga bene a hankali kowa ya miƙe tsaye. Babanku ba irin mazan littafi ba ne. Yana aiki a sakatariyar Sule Tankarkar, ya hau babur da safe ya dawo gab da magariba, bai iya daɗin baki ba, amma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ya gaya mini tun makon farko na aurenmu: duk abin da zan yi masa zai haƙura, ban da abin da ya taɓa mahaifiyarsa. Na san kuma ba wasa yake yi ba.

Bayan kallon nan, sai Maman Ladi ta kawo shawarar mu ma mu yi namu bikin. Kowace ta ɗinka rigar da ta fi burge ta a kaset ɗin, mu shimfiɗa darduma a tsakar gidanta, mu yi tafiyar jarumai, a ba wadda ta fi kyau kyauta. Mata zalla, bayan la'asar, kafin maza su dawo.

"Ke Maman Auwal ba sai an tambaye ki ba," in ji ta. "Farar nan ta riga ta aure ki."

"To ina zan samu farin yadi mai faɗi haka? Na kasuwa duk shara-shara ne."

"Ki duba akwatinki. Ku Hausawa ai ba kwa rasa abin ɓoyo."

Akwatina babu. Amma a ƙarƙashin gadona akwai adakar Hajiya, kakarku. Daminar shekarar ce ta rushe mata ɓangaren ɗaki a Gagarawa, sai ta aiko da adakar a ajiye mata a wurina, ta ce ni ce ba ni da rawar kai cikin surukanta. Makullin yana ɗaure a hannun adakar da tsumma, don ba ta taɓa kawo wa ranta zan buɗe ba. Na buɗe. Ƙarƙashin tsofaffin zannuwa na samu farin yadi a naɗe cikin leda, mai kauri, mai faɗi, ya ɗan yi tauri kamar an taɓa jiƙa shi an shanya ba a goge ba, yana ƙanshin kafur. A gefe ɗaya akwai wani dogon tabo na tsatsa. Shekaru ina gaya wa kaina ban san ko mene ne ba. Gaskiyar ita ce zuciyata ta raya mini wani abu lokacin da ƙanshin ya buge ni, na ture tunanin, na ce kafur ai don asu ake sa shi, tsarabar Makka ce kawai da tsohuwa ta manta da ita, zan sayi wani in mayar kafin ta nema. Na kai wa Maman Ladi na ce nawa ne, tun na lefe. Ita ta yanka, don ni ban yarda da hannuna a kan yadi mai kyau ba. Wurin tabon tsatsar ta zagaye shi da almakashi ta jefar cikin ƙyallaye.

Ranar bikin ban taɓa jin daɗi irin nata ba, kuma ba zan ɓoye muku wannan ba. Maman Ladi ta haɗa jajayen dardumai uku tun daga ƙofar ɗakin girki har gindin bishiyar dalbejiya. An yi zoɓo da cincin, an kunna kiɗa a rediyo. Wata Asabe ta riƙe muciya a matsayin abin magana tana yi wa kowa tambayoyi irin na 'yan jarida, wa ya ɗinka miki, me za ki ce wa masoyanki. Matar mai kemis ɗin unguwa ta zo da ɗaurin da ya hana ta shiga ƙofa sai da ta durƙusa. Alƙaliyarmu kuwa Iya Tabawa ce, tsohuwar unguwa mai barkwanci, wadda ba ta raga wa kowa. Mun zaɓe ta don bakinta, mun manta ita ce ke wanke gawar mata a unguwar. Ni ce ta ƙarshe. Na fito daga ɗaki a hankali yadda na karanta ana yi, mayafin na ja a bayana, na tsaya na waiwayo. Gidan ya yi tsit, sannan aka ɓarke da guɗa. Tun da nake ba a taɓa kallona haka ba.

Iya Tabawa ta kira ni in karɓi kyauta, wani kofin silba da aka ɗaura wa ƙyalle. Tana dariya ta kama hannun rigar don ta jawo ni kusa. Sai na ga dariyar ta tsaya. Ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta kai hanci, ta ɗago ta dube ni. Ta miƙa mini kofin don kada a gane, ta jawo kunnena kamar za ta yi mini kirari.

"'Yar nan, wa ya mutu a gidanku?"

"Babu kowa, Iya."

"To wa ya ba ki kayan tafiyarsa?"

Na ce ban gane ba.

"Shekara talatin hannuna na cikin irin wannan. Likkafani ne a jikinki, wanda aka tsoma a zamzam. Je ki cire tun kafin in faɗi a nan."

Ban san yadda na isa gida ba. Na tuna dai ina ƙoƙarin cire rigar zip ɗin ya maƙale, ina ja ina salati, ina jin yadin na manne mini a jiki kamar ba zai sake ni ba. Da rai na sa likkafani, na yi rangwaɗa a cikinsa, aka yi mini guɗa. Daga ranar komai ya zama abin tsoro. In kaina ya sara sai in ce shi ke nan, an zo. In na ga farin zani a kan igiyar shanya sai gabana ya faɗi. Na daina barin ki, Hauwa, ki kwanta a gadona saboda rigar na cushe a ƙarƙashin katifa, na rasa inda zan kai ta, ba na iya ƙonawa ba na iya jefarwa. In babur ɗin babanku ya tsaya a ƙofa sai in ce asirina ya tonu. Ya tambaye ni ko juna biyu ne da ni, don na daina cin abinci. Duk wannan tsoron kuwa ƙarami ne a kan ɗaya: ranar da Hajiya za ta ce a kawo mata adakarta.

Ranar ba ta yi nisa ba. Kwana goma sha ɗaya bayan bikin, wata Laraba, direban motar Gagarawa ya tsaya a ƙofar gida da saƙo. Hajiya na kwance, zazzaɓi ya ƙi sauka, ta ce a kai mata adakarta ranar Juma'a, ni kuma in zo da ita da kaina. Na tsallaka gidan Maman Ladi na rufe ƙofa na gaya mata komai. Ta zauna a kan kujerar kekenta ta dafe kai.

"Wayyo Allah, Maman Auwal. Da hannuna na yanka. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya miki ai ba za ki yanka ba."

Ta daɗe tana kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

"Ki je ki faɗa mata gaskiya," in ji ta. "Tsohuwa ce, za ta yi faɗa ta gaji."

"Ba ki san Baban Auwal ba. Wallahi ranar zan koma gidanmu."

Sai ta ce in shirya, gobe za mu je mu nemo wani yadin irinsa. Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na ce wa babanku zan je sayo wa Hajiya kayan dubiya. Muka bi rumfunan masu yadi ɗaya bayan ɗaya, ita tana taɓawa tana girgiza kai, har muka samu wani a wurin wani Badamagare wanda ta ce kaurinsu ɗaya. Mutumin ya tambaya ko rasuwa aka yi, ya yi mana ta'aziyya, na amsa masa da amin. A gida na jiƙa yadin da ruwan rijiya, na yayyafa ɗan ragowar zamzam da wata ta taɓa ba ni a kwalba, na shanya a ɗaki, na barbaɗa kafur na naɗe cikin ledar nan. Ina yi ina neman gafara, ina kuma ci gaba da yi.

Ranar Juma'a ni da babanku muka isa Gagarawa da hantsi. Hajiya ta rame, idanunta sun faɗa, ƙannen babanku mata na zaune kewaye da ita. Ta sa aka jingina ta da bango, ta ce a buɗe adakar a miƙo mata ledar. Tana warwarewa tana ba su labarin da ni ban taɓa ji ba. Shekarar da suka sauke farali da kakanku, bandir guda suka saya, suka tsoma shi a zamzam su biyu, shi ya riƙe gefe ita ta riƙe gefe, suka shanya a kan wani ƙarfe a bayan masaukinsu. Da suka dawo ya raba biyu. Nasa rabin da shi aka rufe shi. Nata ne wannan, kuma tun rasuwarsa ba ta da wani buri sai a naɗe ta a cikinsa. Tana magana hannunta na bin gefen yadin, ta kai ƙarshe, ta juya ta sake bi.  Ta ce kowa ya fita ban da ni da babanku.

"Zulai, ina tabon?"

"Wane tabo, Hajiya?"

"Na ƙarfen da muka shanya a kai. Rabi na jikin nasa, rabi na jikin nawa. Wannan ba nawa ba ne."

Babanku ya juyo ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, jira kawai yake yi, kuma wannan ya fi fushin ban tsoro. Na ga kaina a motar komawa gidanmu, na ga ku biyu a tsaye a ƙofa an hana ku bi ni. Akwai lokacin da zan iya faɗin gaskiya, bai fi na jan numfashi uku ba, na kuma san shi ne lokacin. Sai na ji bakina na cewa na fitar da kayan ne in shanya saboda sanyin damina, na shiga wanka, Maman Ladi ta shigo ta gani ta ɗauka ta zaci nawa ne, kafin in ankara ta yanka, ni kuma tsoro ya sa na sayo wani.

Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta ture yadin daga cinyarta ta juya fuska bango.

"Ai ba ta san darajarsa ba," ta ce. "Ke ce da sakaci. Ku tafi."

Da muka dawo Gumel, babanku ko ruwa bai sha ba ya yi sallama da mijin Maman Ladi a ƙofar gida. Ina laɓe a zaure ina jin komai, na san kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta rushe ni. Aka kira ta. Babanku ya maimaita abin da na faɗa, ya tambaye ta ko haka ne. 

"Ni na yanka," ta ce. "A yi haƙuri. A ba Mama haƙuri."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya.

Aurena ya tsira. Babanku ya hana ni shiga gidanta, ya ɗauke littattafaina ya mayar wa mai haya. Zancen ya bazu a unguwa ya ƙara kitse a hanya, har aka koma cewa da gangan ta yi don ta wulaƙanta abin da muke girmamawa. Matan da suka taka dardumarta suka sha zoɓonta suka daina kai mata ɗinki, duk da kowace ta ji ni da kunnenta ranar bikin ina cewa yadin na lefena ne. Yara suka daina wasa da Ladi. In mun haɗu a bakin famfo takan gaishe ni, "Maman Auwal, ina kwana, ya yara," ni kuma in amsa ina kallon bokiti. Iya Tabawa kaɗai ta zo ta same ni. Ta karɓi rigar ta farke ta, ta ce gutsattsarin za su yi wa jarirai, ba za a bar ruwan zamzam ya tafi a banza ba. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ba zan tona ki ba. Amma ki sani wata rana ni ko wata za mu juya ki a kan tabarma, kuma ba a wanke irin wannan da ruwa."

Kafin shekara ta zagayo mijin Maman Ladi ya nemi canjin wurin aiki, suka kwashe kaya wata safiya ina jin motar ban fito ba. Hajiya ta warke daga wannan ciwon, ta ƙara shekara tara. Ba ta sake ba ni ajiya ba, ko ta allura. Da ta rasu, a yadin Maigatari aka naɗe ta, ina tsaye a wurin. Babanku ma ya tafi bai sani ba. Sau da yawa na shirya gaya masa, in ya shigo sai in tambaye shi ko a kawo abinci.

Shekara uku da suka wuce, Hauwa, kin tuna wata mata ta yi miki magana a waya ta ce ita ce Ladi, tana neman ƙawayen yarinta. Daga wurinki na karɓi lambar. Tafiyar da na ce muku zan yi Kaduna ganin likitan ido, garin su Maman Ladi na je. Tun daga tasha nake tsara abin da zan faɗa, na kuma shirya wa kowace irin amsa, ko zagi ko kora. Ladi ta tare ni da murna, ta ce babanta ya daɗe da rasuwa, Mama kuma ta yi shekaru tana ɗinki har ta yaye yara da yawa, amma yanzu sai dai in gani da idona.

Na same ta a kan kujera a baranda, ta yi ƙiba, kanta fari fat, an rufa mata zani a ƙafa. Mantuwa ta tsufa ta kama ta, ko Ladi wani lokaci sai ta kira ta da sunan ƙanwarta. Na durƙusa a gabanta na faɗi komai tun daga adaka har zaure, da ƙarfi, don Ladi ma ta ji. Na ce ni na ɗauka, ni na yi ƙarya, ta yafe mini. Tana ta kallona tana murmushi, ta sa hannu ta share mini hawaye da gefen zaninta.

"Ayya, baiwar Allah, daina kuka," ta ce. "Wa kike nema? Ladi, ba ta ruwa, daga nesa take."

Tana nan da rai har yau. Ladi ta ce da safe sukan fito da ita baranda, ta wuni tana gaishe da duk wanda ya wuce.